Tukuicin Babban Kifi

Yauri, ranar Laraba.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Malama, a Bakura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Ina fata kina shafa man nan, ba ki bayar da shi sadaka ba yadda kika yi da na farko. Yaya ɗalibanki, yaya damina? Ƙanwata Hanifa, na san ke ce mai karanta wa Inna takardar nan, to ki karanta yadda na rubuta, kada ki tsallake inda na yi mata tsiya.

Mun iso Yauri lafiya. Tun da aka katse layukan waya a Zamfara ba ni da hanyar jin muryarki, shi ya sa na koma biro da takarda kamar 'yar firamare. Ɗanasabe direban albasa, abokin maigidana Baban Nagode, zai bi ta Lambar Bakura, shi zai kawo miki.

Inna, akwai maganar da na kasa faɗa miki ranar da muka biyo yi miki sallama, don idonki ya yi mini nauyi. Kowa yana yi mini barka cewa maigidana ya kuɓuta daga hannun 'yan bindiga, ina amsawa, kuma wallahi na gode wa Allah. Amma mutumin da suka tare a hanyar Maradun suka ƙona masa mota, ba shi ne ya dawo mini ba. Wancan, surutunsa har ciwon kai yake sa ni. Wannan kuwa sai ya wuni a zaure bai ce uffan ba. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya gani a daji ba. Ko makulli ya ji ya yi ƙara a aljihun wani, sai hannunsa ya kama rawa, shi da tun yana saurayi sitiyari ne abincinsa.

Kin ɗauka yawon buɗe ido wansa, Yaya Ma'aruf, ya ɗauko mu, tunda makarantu a rufe suke. Ba shi kenan ba. A wurin da yake sayar da motoci a Kwatano ya ware masa bas guda. Ya ce in ya iya tuƙo ta zuwa gida, tasa ce, ya koma sana'arsa. In ya kasa, ya zauna can yana tsaron wurin, mu kuma mu tattara mu bar Mafara. Ba na son in yi nisa da ke. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in ƙare rayuwata da mutumin da gangar jikinsa kaɗai nake gani.

Yanzu ga taki tsiyar. Kin tuna lokacin da yake hannunsu, Amira ta hana ki sakat da tambayar ina Babanta, kika ce mata babban kifi ne ya haɗiye shi kamar Annabi Yunus, ta yi ta addu'a kifin zai dawo da shi? Na yi miki musu a ranar, na ce malama guda da shirya zance. Kika ce in bar ki da istigfarinki. Nagode da shekararta takwas ta san gaskiya, shiru kawai ta yi. Amira kuwa ta hau ta zauna. Da ta ji Yaya Ma'aruf yana cewa a tekun Kwatano akwai kifin da ya kai tirela, a ƙarshen damina yake zuwa, har jirgi ake shiga a je kallonsa, sai ta ce ai shi ne. Hocen da kika toya mana na guzuri, ta zaɓi mafi girma ta naɗe a tsohon ɗankwalina, ta hana kowa taɓawa. Na tambaye ta, ta ce, "Wanga tukuicin kihi na. Inna ta ce duk wanda yak kawo ma abu sai ka ba shi tukuici. Shi ko Baba ɗungum yak kawo muna, ba a ba shi komi ba."

Hanya ta yi kyau, Inna. Daga Sakkwato har Jega gero ne da dawa hagu da dama, kore shar, mata suna yi mana tallar ɗanyar gyaɗa ta taga. Ɗan autana Nazir ya yi wa Yaya Ma'aruf amai a sabuwar shaddarsa, bawan Allah ya ce turare ne. Baban Nagode ya ƙi zaman gaba. Baya ya zauna tare da yara, duk inda itatuwa suka yi duhu sai ya sunkuyar da kai har mu wuce.

Da la'asar muka je bakin kogin Kwara. 'Ya'yan nan da ba su san ruwan da ya wuce dam ɗin Bakolori ba, suka saki baki. Ni ma na saki, ba zan ɓoye ba. Masunta suka fito da giwar ruwa da ta kusa kai tsawon Nagode. Amira ta zagaya ta, ta leƙa bakinta, ta juyo ta auna Babanta da ido, ta ce wannan ta yi kaɗan. Sai kawai ta kama hannunsa ta ce, "Baba, cikin kihin akwai duhu?"

Ni kuwa ban taɓa faɗa masa zancen kifin ba. Ya dube ni, na matsa na raɗa masa a gurguje. Na zaci tashi zai yi ya bar mu. Can sai ya ce, "Akwai duhu, Amira."

Ita ce magana ta farko da ya yi game da wurin nan, kuma ga 'yar shekara biyar ya yi ta. Ban san ko in yi murna ko in ji tsoro ba. Ki sa mu a addu'a. Yara suna gaishe ki, Amira ta ce a duba mata akuyarta.

Ni ce 'yarki,
Ummu Hani.

Sabon Badun, ranar Juma'a.

Zuwa ga Inna Malama.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata kin tashi lafiya, ƙafar ta yi sauƙi. Ina gaida Hanifa da maƙwabta, da matan da ke ɗaukar karatu. Mu duk lafiya lau, sai gajiya. Mun sauka a unguwar Hausawa gidan wani aminin Yaya Ma'aruf, kuma gobe akwai motar goro da za ta yi Sakkwato, ita za ta ɗauko takardar nan.

Ashe ƙasar nan tana da faɗi haka, Inna? Mun ratsa gadar Jabba, ruwa a ƙarƙashinmu kamar ba zai ƙare ba, Nagode ta rufe ido tana salati, Amira kuwa tana neman ta fitar da kai ta taga ko za ta hango abokin nata. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Gero ya ɓace, sai doya a tsibe bakin titi, sai ayaba, sai itatuwan kwakwar manja dogaye. An kawo mana wani baƙin tuwo na garin doya da miya mai yauƙi da barkonon da ya sa Nazir ya yi ta lasar hannu yana kuka yana ƙara miƙo baki. Nagode ta zama mai karanta mana allunan hanya, duk sunan garin da ya ƙi faɗuwa a bakinta sai ta raɗa masa na Mafara.

Amma ba wannan na zauna rubuta miki ba. Tun daga Yauri Amira ba ta bar Babanta ya huta ba. Kin san ta da tambaya kamar alƙali. Na so in kwaɓe ta, Yaya Ma'aruf ya kalle ni ta madubi ya girgiza kai, na ja bakina.

Ta tambaye shi ko shi kaɗai ne a cikin kifin. Ya ce a'a, suna da yawa, maza da mata, har da mai goyo. Ta tambayi abin da suke ci. Ya ce tsaki ne ba gishiri, wani lokaci ma babu. Ta tambaya ko kifin ya cije shi. Inna, sai ya ja ƙafar wandonsa ya nuna mata tabon da ke idon sawunsa, tabon da ni matarsa yake ɓoye mini. Ta shafa wurin da yatsa ta ce haƙoran kifin nan ba su da tarbiyya. Sai ya ba ta labarin wani tsoho, Malam Dikko, mutumin Gidan Goga, wanda yake jan su salla da taimama, yana ƙidaya musu lokaci da inuwa, yana tura masa rabonsa na tsaki ya ce shi tsufa ya rage masa ci. Ta ce, "Shi ma kihin ya amayo shi?" Ya ce, "A'a. Shi can yak kwana."

Yaya Ma'aruf yana tuƙi hawaye na bin gemunsa, yana cewa iskar motar ce ta shigar masa ido. Nagode ta ɗora kanta a kafaɗar Babanta. Ni kuwa na rufe fuska da mayafi. Duk abin da na yi ta roƙonsa ya faɗa mini, da lallashi da fushi, ya ƙi, ga shi yana fitowa sannu a hankali ta hanyar zancen da na yi miki musu a kansa. Na janye rabin tsiyar da na yi miki. Rabin kuma ina riƙe da shi, don kada ki saba.

Kada ki zaci an gama. A Mokwa Yaya Ma'aruf ya yi dabara, ya tsaya ya ce bayansa ya riƙe, ya miƙo masa makulli ya ce ya ɗan karɓe shi ko zuwa gari na gaba ne. Baban Nagode ya kalli makullin kamar an miƙo masa garwashi. Ya tura hannayensa a aljihu, ya juya baya. Haka Yaya ya koma ya ci gaba da tuƙinsa, bayan nasa ya warke nan take.

Hocen Amira yana nan a naɗe. Har kwanciya take yi da shi. Namu kuwa tuni muka cinye, na ƙarshe Nazir da Babansa suka raba. Gobe sai Ikko, daga nan mu tsallaka iyaka. Allah ya sada mu da alheri.

Taki,
Ummu Hani.

Kwatano, ranar Talata.

Zuwa ga Inna.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk wanda ke gidan. Yaya jiki, yaya haƙuri da mu? Yau Talata, tun safe nake tuna Mafara, ko da yake na san kasuwar ma a rufe take. Wani Audu, cikin masu kai motoci arewa, shi zai biyo miki da wannan.

Mun ga teku, Inna. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Ruwa ne ya tafi har ya haɗe da sama, ba tsallake, ba itace, ba komai. Yana tahowa da ruri ya watse a yashi ya koma, ya sake tahowa, ba ya gajiya. Na tsaya ina ta tasbihi ban san ina yi ba. Nagode ta ɗanɗana ta tofar ta ce wa ya zuba wannan uban gishiri. Nazir ya gudu ya maƙale a zanena. Matar Yaya Ma'aruf, Taibatu, mutuniyar kirki ce, ta karɓe mu hannu bibbiyu, kullum kifi har na fara mafarkin miyar sure.

Sai dai zuciyata ba daɗi. Yaya ya kai mu wurin motocinsa ya nuna mana bas ɗin, fara sol, kujerunta ko yagewa babu. Yara suka shige suna tsalle. Baban Nagode ya tsaya daga nesa kamar wanda ya zo rakiya. Jiya da hantsi ya kira ni ya ce ya yanke shawara, nan zai zauna. Ya ce in yafe masa, ba zai iya sake ɗaukar ran mutane ya hau titi ba. Ban yi masa musu ba. Na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska.

Mun shiga jirgin kallon kifin ma, amma ba da Baban Nagode ba, ya ce kansa na ciwo. Aka sa mana wasu riguna masu hana nutsewa, muka yi nisa har gari ya koma siriri kamar zare. Abin da na ci tun daga Badun sai da na mayar wa teku. Muka yi ta yawo, masu jirgin suna duba nan suna duba can, ba mu ga komai ba sai ruwa da tsuntsaye. Sun ce haka abin yake, dabba ce ta Allah, ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Na ce wa Amira ta jefa hocen a ruwa, saƙo zai isa. Ta harare ni ta ce ba a jifa da tukuici, hannu da hannu ake ba da shi. Ta ce kuma kifin bai san mu ba, Baba ya sani, shi ya sa ya ƙi fitowa. Ta mayar da ƙullinta cikin hijabi.

Taibatu ma ta ja ni gefe ta ce in yi hattara, a nan akwai masu zuba wa teku abinci don bauta, kada a ga jikar malamai tana yin haka a ɗauka shirka muke yi. Na ce mata yarinya godiya take son yi, kuma ciyar da dabba sadaka ce. Ban sani ba ko na yi fatawa daidai, ke ce malamar, ki gyara mini in na dawo. In har na dawo ɗin da zama.

Hocen ya bushe ƙamas, ko icce albarka. Ni ma haka nake jin kaina. Ki tashi ɗalibanki su taya mu addu'a.

'Yarki mai kewarki,
Ummu Hani.

Kwatano, ranar Asabar.

Zuwa ga mahaifiyata abar alfaharina, Inna Malama.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, ina fata ke da Hanifa da kowa kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafa, yaya karatu, yaya akuyar Amira? Hanifa, ki samo wa Inna kujera ta zauna kafin ki fara, kuma ki karanta a hankali.

Jikarki ce ta ɓallo ruwa. Shekaranjiya da safe muna karyawa, Amira ta ajiye kofinta ta je ta tsaya a gaban Babanta, hannu a ƙugu irin tsayuwarki in ɗaliba ta zo ba ta yi tilawa ba. Ta ce, "Baba, Inna ta ce wanda anka yi ma alheri bai gode ba butulu na. Kai butulu na?" Na ɗaga hannu zan buge mata baki, ya tare ni. Sai ya miƙe ya ɗauki hularsa ya ce wa Yaya Ma'aruf a nemo masu jirgin nan.

Jiya muka koma, dukanmu har Nazir. Baban Nagode ya zauna a tsakiyar jirgi ya riƙe katako da hannu biyu, zufa na keto masa duk da iska. Amira na gefensa da ƙullinta a cinya. Ni wannan karon ban ci komai ba, na yi wayo. Muka yi nisa fiye da ranar farko. Rana ta ɗaga, yara suka fara gyangyaɗi, ni kuma na fara shirya ƙaryar da zan yi wa Amira, ina cewa a raina ashe abin gado ne.

Sai ɗaya daga masu jirgin ya yi ihu ya nuna gabas. Wani farin hayaƙi muka gani ya tashi daga cikin ruwa ya watse. Suka matsa kaɗan suka kashe inji, suka yi mana alama mu yi shiru. Ba ka jin komai sai ruwa na marin jikin jirgi.

Inna, sai ruwan ya tsage. Wani baƙin baya ya taso, ya yi ta tasowa, ya yi ta tasowa, na ce yanzu zai ƙare, bai ƙare ba. Ya fi jirginmu tsawo nesa ba kusa ba. Ya yi numfashi, wata irin huci kamar tirela ta saki iskar birki, feshin ya sauko mana a fuska da ƙarni. A gefensa ga ɗansa, wanda shi ɗin ma ya fi bijimin sa, yana manne da shi yadda Nazir ke manne da ni. Ashe ma uwa ce. Ba ta yi mana barazana ba, ba ta gudu ba, tafiyarta kawai take a natse kamar babbar mace ta fito unguwa. Shekara nawa kina karanta wa mata ƙissar Annabi Yunus, suna gyaɗa kai, ni ma ina gyaɗawa, amma sai jiya na san abin da nake gyaɗa wa kai. Na so a ce kina wurin. Nazir ne ya fara magana, ya miƙa yatsa, shi a ganinsa saniya ce, ya ce, "Nagge!" Ba wanda ya samu bakin dariya.

Ita kuwa mai tsayuwa hannu a ƙugu, duk jarumtar ta zube. Da ta ga girman abin, sai ta saki ƙullin ta rungume ƙafar Babanta da hannu biyu, ta fashe da kuka tana ihu, "Kak ki mai da shi! Mun kawo maki tukuici, kak ki mai da shi!" Ashe tsoron da ke cikinta kenan tun daga Mafara, ba wanda ya sani. Ba godiya kaɗai ta kawo ba, so take a rabu lafiya.

Sai na ga ya saki katakon nan. Ya durƙusa, jirgi na tangaɗi, ya ɗauki ƙullin ya kwance, ya sa hocen a hannunta, ya rufe da nasa hannun. Ya ɗaga ta ya kai ta bakin jirgi, suka miƙa tare suka sake shi a kan ruwa a hankali, ba jifa ba. Ya tsaya rungume da ita yana kallon uwar da ɗanta, kuka ya ƙwace masa, irin na manyan maza mai girgiza kafaɗa. Na ji yana yi wa Malam Dikko addu'a, yana kiran sunayen wasu da ban sani ba, ɗaya bayan ɗaya. Yaya Ma'aruf yana amsawa da amin. Masu jirgin ba su jin Hausa, amma sun sunkuyar da kai.

Uwar ta ɗaga wutsiyarta sama, faffaɗa kamar ƙofar gareji, ruwa na zuba daga gefenta, ta nutse. Ɗan ya bi ta. Hocen ya ɓace a cikin kumfa. Ni dai na ga wani tsuntsu yana shawagi a wurin, amma Amira ta ce ɗan ne ya karɓa wa uwarsa, kuma ba ni ce zan ƙaryata ta ba.

Ta share hanci da hijabi ta tambaye shi, "Ta gane ka?" Ya ce ta gane shi. Ta ce, "Mi tac ce?" Ya ce, "Ta ce ta karɓa, ta gode. Ta ce ba ni da sauran zama cikinta, in tashi in kai ku gida."

Da muka sauka bai jira mun ci abinci ba, ya ce a wuce wurin motoci. Ya miƙa wa Yaya hannu. Ba zan yi miki ƙarya ba, sai da ya yi ta lalube kafin makullin ya shiga. Ya tayar, ya saki kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu kamar ɗan koyo. Yaran wurin suka kau da kai. Sai Nagode ta buɗe ƙofa ta hau gaba ta zauna. Ina tsaye jikin taga na ji ta ce masa a hankali, "Baba, ni na san ba kihi ba na." Ya ce, "Na san kin sani, uwata." Ta ɗora hannunta a kan nasa bisa giya. Ya sake tayarwa, suka zagaya filin, suka sake zagayawa, sannan ya fita titi cikin 'yan acaban garin nan masu rawayar riga da ba su san birki ba. Da suka dawo har faɗa yake yi da wani da ya sha gabansa. Ban taɓa jin daɗin masifarsa irin na jiya ba.

Ban ce ya warke ba. Har yanzu yana firgita in an buga ƙofa da ƙarfi. Ya ce da rana kaɗai za mu yi tafiya, cikin ayarin masu kai motoci arewa, kuma hanyar Maradun sai ya ga yadda hali ya yi. Ya ce in Amira ta yi wayo shi da bakinsa zai faɗa mata gaskiya, kada wani ya riga shi. Amma yau da safe shi ya duba mai da ruwa da taya, yana yi wa Nazir waƙar banza, ya kuma tambaye ni ko akwai sauran yaji. Na kalle shi na ga mutumin da na aura.

Na janye ɗaya rabin tsiyar, Inna. Ki ci gaba da istigfarinki, ni ma zan taya ki.

Audu bai tashi ba tukuna, amma zai riga mu, takardar nan da ta ranar Talata za su riga mu isowa. Mu sai jibi in Allah ya yarda, kuma Bakura za mu fara tsayawa kafin Mafara. Ki toya hoce da yawa, Amira ta ce ke ma kina da tukuici amma ba ta faɗa mini ko mene ne ba.

Roƙo ɗaya nake yi. Kin tuna yadda Baban Nagode yake danna odar mota a ƙofar gidanki tun yana zuwa zance, ki fito da carbi a hannu ki ce gidan karatu ne nan ba tasha ba? In kin ji oda a ƙofa, ko kuna tsakiyar darasi ne, don Allah wannan karon kada ki yi masa faɗa. Ki bar shi ya danna har ya gaji.

Yaya Ma'aruf da Taibatu suna gaishe ki. Yara suna gaishe ki. Direbanmu ma ya ce a gaishe ki, ya ce ki shirya ƙafar nan, shi zai kai ki asibiti.

Ni ce 'yarki mai ƙaunarki,
Ummu Hani.